Yadda makaranta za ta kai ɗalibai koyon gini ba tare da sun zama leburorin kyauta ba

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mataimakin shugaban wata makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ne a ƙasar Argungu. Duk shekara muna yaye yara, kaɗan ke wucewa gaba, saura sai acaɓa, ko zaman majalisa, ko tafiya kudu cin rani. Ga gine-gine ana ta yi a gari, amma masu sa tayil da silin daga waje ake kawo su. Muna tunanin haɗa kai da 'yan kwangila da magina su riƙa ɗaukar yaranmu na aji huɗu da biyar suna koya musu aiki. Wasu iyaye sun ce leburanci za mu kai 'ya'yansu. Abin zai yiwu kuwa? Ta ina za mu fara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka damu da inda yaran nan ke zuwa bayan sun bar hannunka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: ko haɗin makaranta da masu gini zai iya fitar da yaro mai sana'a, da kuma amsar da za ka ba iyayen da ke tsoron leburanci. Na koyar da aikin bulo da kankare a kwalejin fasaha shekaru masu yawa, daga baya na koma duba aiki a wuraren gini a Birnin Kebbi da kewaye, don haka na zauna a ɓangarorin nan biyu. Abin zai yiwu. Amma iyayen nan gaskiya suka faɗa maka, kada ka ɗauke ta a matsayin jahilci. Yaron da aka kai wurin gini ba tare da tsari ba, kwanon sarki zai ɗauka daga safe har la'asar, ya dawo gida da ƙura a kai, ya shekara bai riƙe cokalin gini ba. Duk aikinka shi ne hana wannan faruwa.

Abin da aka gwada kafin kai

Koyon gini a hannun maigida tsohon abu ne a ƙasar nan. Gidajen magina gadon sana'ar suke yi, har da sarautar Sarkin Magina a garuruwa da dama. Yaro yana farawa da taka ƙasa da ɗibar ruwa, ya koma yin tubali, ya iya jefa wa ubansa tubali a saman katanga, sannu a hankali ya kai ga jera azara da rufin soro. Uban ba ya ɓoye masa komai, domin shi zai gaje shi. Da siminti da bulo da rodi suka shigo, sana'ar ta fita daga hannun gado, ta koma hannun duk wanda ya samu maigida. Nan ne gibin ya buɗe, domin maigidan yanzu ba ɗansa yake koya wa ba.

Gwamnati ta sha gwada cike gibin. An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, shi ne ya fito da shirin SIWES na tura ɗaliban manyan makarantu koyon aiki a kamfanoni. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya sa darasin fasaha a ƙaramar sakandare, aka sayo injuna daga waje, da yawansu suka tsufa cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Hukumar samar da aikin yi ta NDE ta zo da nata shirin na kai matasa wurin masu sana'a. Manhajar babbar sakandare ta 2011 kuma ta sa darussan sana'a, har da jera bulo da kafinta da aikin famfo, amma a makarantu da yawa a kan allo aka koyar da su, yaro ya ci jarrabawa bai taɓa kwaɓa siminti ba.

Dalilin a fili yake. Makaranta ba ta da siminti da yashin da yaro zai ɓata har hannunsa ya faɗa. Wurin gini kuma yana da kayan, amma ba shi da lokacin tsayawa bayani. Shi ya sa a Jamus mai koyon sana'a ke yin kwana uku ko huɗu a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a makaranta, ana biyansa, har kusan shekara uku. Ba sai mun je nesa ba ma: maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin, waɗanda muke iyaka da su ta ƙasar Bagudo, suna da tsarin da yaron shago ke zuwa cibiyar horo a wasu ranaku, a ƙarshe ya samu takardar shaida. Da yawa daga cikin masu tayil da silin POP da ake yabon aikinsu a Najeriya daga can da Togo suke fitowa. Shekarun da suka yi a ƙarƙashin maigida ana duba aikinsu ne suka kai su nan.

Ka fara fahimtar maigidan

A nan na fi so ka daɗe, domin a nan yawancin irin wannan shiri ke mutuwa. Makaranta kan ɗauka cewa alfarma ce za ta roƙa, ko kuma ita ce ke yi wa magini alfarma da ta ba shi yara. Shi kuwa magini lissafinsa daban. Yawancin aikinsa jinga ne: an yi ciniki a kan bulo kaza ko ɗaki kaza, gwargwadon saurinsa gwargwadon ribarsa. Yaron da yake koyo yana rage masa sauri. Idan ya jera layi ya karkace, sai an rushe, simintin ya tafi, mai gida kuma maginin zai kama da faɗa. Sannan ga tsoron da ba a cika faɗa ba: ranar da yaron ya iya, zai tafi ya karya farashi, ya kwashe masa masu kiransa aiki. Wani dattijon birkila ya taɓa ce mini, "Malam, wanga yaro in na koya mai, da mi za ya saka min?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma sai makaranta ta zo da amsarta kafin ta kawo yaro ko ɗaya.

Amsar da na ga tana aiki ita ce a ba maigidan abin da zai riƙe. Ƙananan ayyukan makaranta, gyaran katanga, daɓen aji, ƙofar da ta lalace, rufin da iska ta yaye, a riƙa ba waɗannan magina da kafintocin da suka karɓi yara, a biya su yadda ya kamata. A kira su ranar taron iyaye, a zaunar da su gaba tare da malamai, a kira su malamai, domin malaman ne. A yarda kuma cewa yaro zai yi masa hidimar da kowane mai koyo ke yi: tankaɗe yashi, jiƙa bulo, wanke kayan aiki, har ɗaukar kwanon sarkin. Babu aibu a wannan, ta nan ake sanin nauyin kwaɓi da hannu. Aibun shi ne ya tsaya a nan.

Kada kuma ka ruɗu da sa hannun ɗan kwangila. Ɗan kwangila na iya karɓarka hannu bibbiyu, a ɗauki hoto, amma shi ba ya riƙe cokali. Aikin ya raba shi ga birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi, kowa da yaransa. Kuma wurin gini ba ya dawwama: yau ana zuba dakin, wato kankaren saman bene, gobe kuɗi sun yanke, an rufe wurin wata shida. Saboda haka ka ɗaura yaro a hannun mutum, maigida sananne da ke zaune a garin, duk inda ya samu aiki ya tafi da shi. Ɗan kwangila izinin shiga wurin da kayan kariya za ka nema a gunsa. Wajen zaɓen maigida, je ka ga ginin da ya yi shekara biyar baya, ka ga ko ya tsage. Ka tambayi yara nawa ya yaye, suna ina yanzu. Wanda ya shekara ashirin yana aiki bai yaye kowa ba, komai kyan hannunsa, ba shi kake nema ba. Mai zagi da duka ma ka bar shi. Ƙungiyoyin magina da na kafintoci na gari sun san halin kowa, ka fara ta wurin shugabanninsu.

Kuskuren da na yi

Karon farko da na tura ɗalibai, na dogara da takarda. Na rubuta wasiƙa, aka sa hannu, na ɗauka an gama. Da aka dawo hutu na ba kowa cokali da igiya na ce ya tayar mini da kusurwa. Akwai yaro mai ƙoƙari da ya tsaya yana kallona. Tafin hannunsa duk kanta, amma bai san yadda ake shimfiɗa kwaɓi a kan bulo ba. Duk hutun nan kankare ya ɗauka zuwa saman bene, ba a biya shi ko kwabo ba, domin an ce ɗalibi ne. Laifina ne, ban je ko sau ɗaya na duba shi ba. Ubansa ya cire shi, kuma ban ga laifin uban ba. Har yau abin yana damuna.

Daga nan na fito da ɗan littafin aiki. Kowane yaro da nasa, an jera abubuwan da zai iya ɗaya bayan ɗaya: sanin yashi mai kyau da mai laka, auna kwaɓi, ɗaura igiya, jera layi ɗaya a miƙe, tayar da kusurwa, barin gurbin ƙofa da taga, kafa katakon linta (kankaren saman ƙofa da taga), filasta. Maigida ba ya sa hannu a layi sai yaron ya yi abin a gabansa. Malami ɗaya kuma yana zagayawa duk mako biyu, ba tare da sanarwa ba, ya ce wa yaron, "Nuna mini." Idan wata guda ya wuce littafin bai motsa ba, a zauna da maigidan cikin mutunci. Idan bai canja ba, a ɗauke yaron. Wannan littafin shi ne amsarka ga iyaye. Ka buɗe shi a gabansu, ka ce duk ƙarshen wata su duba da kansu.

Rabon makaranta

Abin da makaranta za ta ba yaro wanda wurin gini ba zai ba shi ba shi ne lissafi da karatun zane da sanin dalili. Malamin lissafinka na da babban aiki a nan. Bulon da muke amfani da shi, mai inci 6 ko inci 9, kusan guda 10 ke cika murabba'in mita ɗaya na bango. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, wato mita 3.6, tsayinsa mita 3, bangonsa ya kai murabba'in mita 43. A cire ƙofa da taga, ya rage kusan 40, wato bulo wajen 400. Yaron da ya iya wannan a takarda, ranar da mai gida ya tambayi maigidansa bulo nawa zai saya, ya ba da amsa nan take, daga ranar matsayinsa ya canja a wurin. Haka awon 3, 4, 5, wato tsayin gefunan kusurwa uku, da ake daidaita kusurwar harsashi da shi: shi ne darasin kusurwa uku da yara ke hamma a kansa a aji, amma ka fitar da su fili da tef da turaku da igiya ka ga yadda za su kama shi.

Sai dalilan aiki. Kankaren 1:2:4 na nufin buhun siminti mai kilo 50, wanda yake kusan kwanon sarki biyu, a sa masa kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa. Leburori na son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin ɗiba, ruwan da ya yi yawa kuwa yana raunana kankare. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, shi ya sa ake shayar da bulo da dakin aƙalla kwana 7, kuma sai kwana 28 ake ɗaukar kankare ya kai ƙarfin da aka tsara masa. A zafinmu na Maris da Afrilu, da kuma iskar hunturu mai busar da komai, wanda bai san wannan ba filastarsa za ta tsattsage kafin mai gida ya tare. Magina da yawa suna yin daidai ba tare da sanin dalili ba, wasu kuma suna yin kuskuren da suka gada. Ka gargaɗi yaranka kada su gyara wa maigida a gaban mutane. Su tambaye shi a keɓe, da ladabi.

Shekaru, lokaci da lafiyar jiki

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta yi magana a kan wannan. Ta hana sa yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a wurare irin na gini, sai dai aikin da ake yi a makarantar fasaha ƙarƙashin kulawa. Mai shekara 16 zuwa sama na iya shiga yarjejeniyar koyon sana'a da kansa, na ƙasa da haka sai ta hannun iyaye. Yarjejeniyar dole ta kasance a rubuce, kada ta wuce shekara biyar, kuma jami'in ƙwadago ya shaide ta. Shawarata, 'yan aji huɗu su tsaya a ziyara da aiki cikin harabar makaranta, a gayyato magini ya gina wani abu na gaske tare da su, ko da ban-ɗaki ne. 'Yan aji biyar da suka kai 16 su ne za su fita.

Maganar lokaci kuma, kada ka kwafi tsarin wani wuri. Dogon hutunmu yana faɗowa tsakiyar damina, lokacin da gini ke ja baya, iyaye kuma ke buƙatar yara a gona. A ƙasar Argungu ga shinkafar fadama, ga ta rani. Gini yana tashi ne bayan kaka, da kuɗin amfanin gona ya shigo hannu. Don haka Asabar-Asabar daga Nuwamba zuwa Mayu, da hutun Disamba da na Afrilu, sun fi amfani. A watannin zafi a fara da sassafe a tashi kafin azahar. Da damina a mayar da su wuraren da ke da rumfa, shagon kafinta, mai walda, gidan buga bulo. A kiyaye lokacin Islamiyya, in ba haka ba iyaye za su janye, kuma da hujjarsu.

Ba zan sassauta ba a kan lafiya. Ɗanyen siminti yana cin fata, wanda ya taka kwaɓi da silifas ya san haka. Ƙurar yankan tayil da bulo tana taruwa a huhu. Ƙusa a katako, rodi a tsaye, wayar wuta kusa da rufi, duk na ga sun ji wa mutane ciwo. Kowane yaro sai da takalmi mai rufe ƙafa, safar hannu, hular kwano da abin rufe hanci. A shekarar farko babu hawa saman bene ko kan katakon da aka kafa, babu taɓa injin yanka. A rubuta a yarjejeniya wa zai biya kuɗin asibiti idan an ji ciwo, tun kafin a ji. Sannan ga halin tsaro: bayan sace ɗalibai da aka yi a makarantar Birnin Yauri a 2021, babu uban da zai yarda a kai ɗansa aiki bayan gari, kuma kada ka nema. Cikin gari kawai, a san inda kowane yaro yake, ya dawo gida kafin magariba.

Kuɗi kuma a faɗe shi a fili. Ba albashi ake nema ba, amma kuɗin abinci da na sabulu dole ne, kuma ranar da yaro ya yi aikin lebura cikakke, kamar ranar zuba dakin, a sallame shi kamar kowane lebura. Kayan aikin farko, cokali da tef da igiya da guduma, ƙungiyar iyaye ko tsofaffin ɗalibai na iya ɗaukar nauyinsu.

Takarda da hanyar gaba

Yaro ya fita da hannu, amma ya fita da takarda ma, domin babban kamfani da aikin gwamnati ita suke tambaya. Akwai jarrabawar gwajin sana'a, wato Trade Test, ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Akwai ta NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci da aka kafa a 1992. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna kuma na da tsarin shaidar ƙwarewa da ke la'akari da abin da mutum ya koya a wurin aiki. Wanda ya haɗa sana'ar da sakamako mai kyau na iya wucewa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ya karanta fasahar gini, kuma zai fi abokan karatunsa gane abin da ake faɗa. Ka gaya wa iyaye wannan, domin tsoronsu na biyu shi ne sana'a za ta raba yaro da boko. Ka kafa sharaɗi: wanda ya fara fashin aji saboda ya ɗanɗana kuɗin gini, a dakatar da fitarsa. Wannan yana faruwa, na gani sau da yawa, musamman ga yaran da gidansu ke cikin matsi.

'Yan mata fa, idan makarantarka haɗe take? Iyaye ba za su yarda da wurin gini mai cike da maza ba, ni ma ba zan matsa ba. Amma zanen gini, lissafin kayan aiki, fenti da adon cikin gida, ana iya koya musu a makaranta, kuma matan aure da yawa za su fi son mace ta shigo musu cikin gida aiki.

Iyakar abin da shirin zai yi

Gogewata a aikin bulo da kankare take, kuma a cikin gari. A ƙauyen da ake gina gidan siminti biyu a shekara, maigida ɗaya ba zai riƙe yara ba, sai an haɗa da wata sana'ar. Shirin kuma ba ya ƙirƙiro aiki: idan siminti ya yi tsada mutane suka daina gini, yaranka za su zauna tare da iyayen gidansu. Asabar da hutu na shekara biyu ba sa mayar da yaro cikakken magini, suna kai shi inda maigida zai karɓe shi da murna bayan ya gama makaranta, ya ƙara shekara biyu ko uku kafin a yaye shi. Wasu za su gudu a wata na farko, da rana ta dake su.

Ka fara da yara 10 ko 12, da iyayen gida huɗu ko biyar, kowa kada ya wuce yara uku. Kafin komai, ka tara iyaye da maginan da mai unguwa a aji ɗaya, ka karanta musu yarjejeniyar da Hausa, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Game da masu tayil da silin da ka ambata, kada ka ɗauke su abokan gaba. Wasunsu sun daɗe a garuruwanmu, suna jin Hausa, kuma kullum suna neman yaro mai natsuwa da zai riƙa yi musu awo da yanka. Ka nemi ɗaya daga cikinsu ya zo taron nan, ka ba shi yara biyu mafi haƙuri a cikin waɗanda ka zaɓa. Allah ya dafa maka, Malam.